Akwatin da Aka Bari Ƙarƙashin Gado

A tashar Wadata na yi kiciɓis da shi cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara kankama. Ɗan yayata ne wadda muke ciki ɗaya, yana sauke buhunan albasa daga bayan wata mota da ta shigo daga wajen Ƙonni. Da farko ban shaida shi ba, don ƙura ta rufe masa fuska. Rigar jikinsa na fara ganewa, irin 'yar sharar nan mara hannu da ake raba wa masu aikin lafiya a ƙauye, rubutun bayanta ya koɗe har ba ya karantuwa.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Kai da na bari da akwatin magani, me ya kawo ka dako a Yamai?"

Ya ce, "Kawu, akwatin yana nan ƙarƙashin gado. Ba komai cikinsa sai littafin rubuta marasa lafiya. Wata biyar ke nan ba mu ga ko dala ba, gero kuma ya ƙare a rumbu tun sanyi bai fita ba. Na ga in na zauna, 'ya'yana za a fara auna wa hannu."

Awon hannun da yake nufi aikinsa ne na kullum. Wata 'yar igiyar roba ce mai launi uku, kore da ruwan ɗorawa da ja, ana zagaya ta a damtsen yaron da ya kai wata shida bai cika shekara biyar ba. In kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, igiyar ta tsaya a ja ke nan, tamowa ta yi tsanani, sai a hanzarta kai yaro likita. Shekara shida yana wannan aiki. Shi ne abin da a nan Nijar muke kira rele: mutumin da ƙauye ya zaɓa daga cikinsa, aka ba shi horo na 'yan kwanaki, aka ɗora masa lafiyar yaran garin da ke nesa da gidan likita fiye da kilomita biyar. Yakan huda yatsan yaro ya ɗiga jini a kan ɗan ma'aunin gwajin masassara, ya jira minti goma sha biyar ya ga ko layi biyu za su fito. Yakan ɗaga rigar jariri ya ƙirga numfashinsa na minti guda, in ya kai 50 ga wanda bai shekara ba, ya san ciwon huhu ne. Yana ba da garin gishiri da sukari na masu zawo, yana bin mai ciki ta je awo, yana rubuta haihuwa da mutuwa. A takarda sunansa mai aikin sa kai.

Wannan kalma ta sa kai ita ce na zo in yi magana a kanta, domin a ƙarƙashinta muka daɗe muna ɓoye wani bashi.

Mu da ke zaune a Wadata ba mu cika jin nauyin kilomita biyar ba. In zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, akwai tasi, akwai kantin maganin da ke kwana a buɗe, akwai asibitin Poudrière, in abin ya fi ƙarfinsu ga Babban Asibitin Ƙasa, ga na Lamorde a hayin kogi. Amma ƙasar nan faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma kusan mutum takwas cikin goma a karkara suke. Ɗan abin da ya haura rabi kawai na jama'a ke zaune kusa da gidan likita da tazarar da ba ta wuce kilomita biyar ba. Sauran, waɗanda yawansu ya haura miliyan goma, tsakaninsu da likita akwai tudun rairayi, ko gulbin da ke cika da damina, ko tafiyar yini a amalanken jaki. Ga waɗannan mutane, ɗan yayata da ire-irensa su ne fuskar ma'aikatar lafiya, kuma sau da yawa su kaɗai ne fuskar gwamnati da ake gani a garin in ba lokacin karɓar haraji ba.

Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun cikin shekarun 1960, a jihar Maradi, aka fara zaɓen masu agajin farko da ungozomomi a ƙauyuka ana horar da su, kafin ma duniya ta taru a Alma-Ata a 1978 ta ce kula da lafiya daga tushe ita ce mafita. Dattawanmu suna tune da akwatin wancan zamani: nibakin, aspirin, jan maganin miki, man ido. Zamanin Seyni Kountché aka yaɗa tsarin ko'ina cikin ƙasa. Ba a biyansu. An ɗauka gari zai riƙa tallafa wa nasa, da damin hatsi ko da gayyar noma. Wasu garuruwan sun yi na ɗan lokaci, sannan fari ya zo, kowa ya koma ta kansa, masu kawo tallafi daga waje suka juya wani wajen, akwatuna suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Bayan shirin Bamako na 1987 kuma aka shiga zamanin biyan kuɗin magani, talaka ya ƙara ja da baya daga ƙofar likita.

Sai a farkon shekarun 2000 aka sake lale. Ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou, da kuɗin da aka samu daga yafe wa ƙasa bashi, an gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a karkara. Aka zuba musu ma'aikatan da suka yi horon wata shida, kuma, wannan shi ne abin lura, ana biyansu duk wata ko da ba yawa. A 2006 aka ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki sun zama kyauta. Sakamakon bai ɓuya ba. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012, wanda masanan hukumar ƙididdiga ta ƙasarmu ke cikin waɗanda suka yi shi, ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ƙasar da kullum ake jerawa a ƙarshen layi ta zama abin misali. Gidan sauro da rigakafi da yaƙi da tamowa duk suna da kaso a wannan nasara, amma abin da ya haɗa su shi ne an sami mutum a kusa da uwa, yana da magani a hannu, kuma yana da dalilin da zai hana shi tafiya ci-rani.

Ke nan mun gwada hanya biyu a ƙasar nan, mun ga inda kowace ta kai mu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da aka zo faɗaɗa aikin zuwa ƙauyukan da ko ɗakin shan maganin ba su da shi, sai muka koma wa ta farko.

Ana ba rele ɗan abin da ake kira na ƙarfafa gwiwa, 'yan jikkuna a wata, wani kaso daga gwamnati wani daga ƙungiyoyin agaji. Ƙanƙantar kuɗin matsala ce, amma rashin tabbas ya fi ta ciwo. Wanda ƙauyensa ya faɗo cikin yankin wata ƙungiya mai ƙarfi yana samu a kan kari, maƙwabcinsa na gari na gaba, mai aiki iri ɗaya, sai ya yi rabin shekara yana jiran saƙo ya shigo wayarsa. In wa'adin shirin ya cika, kuɗi su tsaya cak, aikin kuwa ba ya tsayawa, domin uwar da ɗanta ke sanƙamewa da ƙarfe biyun dare ba ta san wa'adi ba, ƙofar rele ta sani.

Sannan a dubi lokacin da aikin ya fi tsanani. Masassarar cizon sauro tana tashi ne daga Yuli zuwa Oktoba. Tun 2013 ake rabon maganin kare yara daga ita a ƙasar nan, gida-gida, sau ɗaya kowane wata cikin waɗannan watanni, ga yaran wata 3 zuwa 59. Aiki ne mai cin rai. Dole yaro ya sha na ranar farko a gaban mai rabo, maganin kuma da ɗaci, wani yaron ya tofar, wani ya amayar a jira a sake ba shi, sannan a zauna a fahimtar da uwa yadda za ta ba da na kwana biyun da suka rage. To waɗannan watanni su ne na noma da maimai da girbi. Rele manomi ne kamar kowa. Duk yinin da ya yi yana zagaya gidaje, ciyawa tana cin gonarsa. Ɗan yayata ya gaya mani bara sai da ya bar rabin gonarsa ba maimai, kuma abin da ya sa rumbunsa ya ƙare da wuri ke nan. Don haka in aka ce aikin kyauta ne, ni ban yarda ba. Akwai mai biya, da damin geron da bai girba ba, kuma shi ne mafi talauci a duk jerin ma'aikatan lafiya tun daga minista har ƙasa.

Akwai kuma abin da ya fi gero tsada da yake kashewa, wato mutuncinsa a garinsu.

A ɗauki fitar rigakafi. Tsarin shi ne garuruwan da ke tsakanin kilomita 5 da 15 daga gidan likita, majo, wato shugaban gidan likitan, ko mataimakinsa ke hawa moto ya je musu, waɗanda suka wuce haka kuma sai ayarin mota daga gunduma. Majon nan shi ma abin tausayi ne. Sau da yawa shi da mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da gidan likitar da dubban mutane suka dogara da shi, in ya fita daji wanda ya zo da mara lafiya ya tarar da layi ko ƙofa a rufe. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, shi kuwa zai ɗaure akwatin sanyi a bayan moto ya ratsa rairayi a watan Afrilu, zafi na neman digiri 45, ƙanƙarar ciki tana narkewa tun kafin azahar. Kwalbar rigakafin ƙyanda ta yara goma ce, ta tarin fuka ta ashirin, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa shida sai zubarwa. In ya isa rugar da yara uku kawai suka hallara, sai ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: ya fasa kwalba ya yi asarar bakwai a tuhume shi da ɓarna, ko ya ce su dawo wata mai zuwa, alhali ya san ba lalle su dawo ba.

Kafin majo ya zo, rele ne ke bi gida-gida yana shela, ya roƙi maigari, ya sa liman ya faɗa bayan sallar asuba. Mata su bar daka da ɗiban ruwa, su yi wa yara wanka, su taru a gindin bishiya tun hantsi. In ranar ba a sami kuɗin mai ba, ko moto ta lalace, ko ƙorama ta cika ta datse hanya, ba mai zuwa, kuma sau da yawa ba mai bugo waya. Rana ta take, yara su fara kuka, mata su watse. Ba wanda zai zagi gunduma ko ma'aikata, don ba su san su ba. Wanda suka sani shi ne ɗan gidan wane da ya tara su. Ya yi haka sau biyu, a na uku ko ya yi rantsuwa ba mai fitowa.

Haka zancen akwatin da ba magani. Ƙa'ida ta ce maganin yaro kyauta ne, kuma an faɗa a rediyo kowa ya ji. Amma tun shekarun farko na tsarin kyautar, gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗin da suka kashe, bashi ya taru miliyar a kan miliyar, kantocin magani suka bushe. Masu binciken cibiyar LASDEL da ke nan Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna rubutu a kan wannan giɓi tsakanin abin da aka shelanta da abin da ake tararwa. In gidan likita ya rasa, akwatin rele ne farkon bushewa, tunda daga can ake ɗiba masa. Uwa ta zo ya gwada yaro, layi biyu su fito, ya ce masassara ce amma ba magani. Me za ta ɗauka? Za ta ce ya sayar, ko ya ɓoye wa danginsa. Daga wurinsa sai wurin mai tallar ƙwayoyi a kan keke, wanda bai taɓa cewa babu ba, ko da abin da zai ba ta ya shekara yana gasuwa a rana.

In kuma ciwon ya fi ƙarfinsa, abin da aka koya masa shi ne ya rubuta takarda ya tura gaba. Gaba ina, kuma a kan me? Mace tana zubar da jini bayan haihuwa, amalanke ne ko moton haya, motar asibiti tana gunduma kuma sai an zuba mata mai. A jihar Doso ma'aikata da jama'a sun taɓa ƙirƙiro dabarar ƙara dala ashirin a kan kowane mai zuwa ganin likita, a tara don man motar ɗaukar marasa lafiya, kuma ta ceci rayuka. Irin wannan dabara daga ƙasa take tasowa, wurin mai ɗakin da ya san inda yake masa yoyo. Inda babu ita, rele yakan bi mara lafiya da ƙafarsa, wani lokaci ya ranta musu kuɗin moto daga aljihunsa. In aka rasa ran a hanya, da shi za a yi jana'iza, kuma zai ci gaba da haɗuwa da mijin a masallaci sau biyar a yini.

Yarda abu ce mai wuyar ginawa, kuma mu Hausawa mun ga abin da rushewarta ke jawowa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukata. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an gurɓata shi, cutar ta sake bazuwa har ta tsallako mana iyaka. A watan Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafin a cikin birnin Kano. Abin da ya dawo da jama'a a ƙarshe shi ne sarakuna da malamai da matan unguwa da aka sani aka yarda da su, har aka kai ga shelar kawar da shan inna na daji daga Afirka a watan Agustan 2020. A nan gida ma, shaidar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar a 2013 cewa ta rabu da kurkunu, gumin 'yan ƙauye ne da suka yi shekaru suna raba matatar ruwa suna tsare bakin tafki. Yau da jita-jita ke yawo a WhatsApp cikin saƙon murya, kuma aka shigo da sabuwar allurar rigakafin masassara da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumban 2024, wa zai zauna a zaure ya amsa tambayar maigida in ba mutumin da aka san uwarsa da ubansa ba? Wannan yarda ita ce jarin da ma'aikatar lafiya ke ci a karkara, kuma kullum ɗiba ake yi ba a zubawa.

Ga mata masu wannan aiki nauyin ninki biyu ne. Su ne ke iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, su ne mai ciki ke iya gaya wa abin da ba za ta gaya wa namiji ba. Amma sai da izinin miji za ta fita, in ta dawo daka da girki suna jiranta, in kuma watanni suka wuce ba ta kawo komai gida ba, mijin ya ce ta zauna, kuma da wuya a ga laifinsa. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram sun taimaka wajen sassauto da magidanta, sai dai fahimta ba ta cika tukunya.

A yankunan da tsaro ya taɓarɓare kuwa, maganar ta wuce ta kuɗi. An hana hawa moto a jihar Difa a 2015, aka hana a sassan Tilaberi a farkon 2020, domin da ita 'yan bindiga ke kai hari. Dalilin a fili yake, amma moton nan ita ce ƙafar majo, ita ce kuma motar asibitin talaka. Gidajen likita da dama sun rufe, ma'aikata sun janye zuwa manyan garuruwa, haka ma a bakin iyakar Maradi wajen Madarunfa da Gidan Rumji masu satar mutane sun sa fita daji ta zama kasada. Wanda ya rage shi ne rele, don shi ba shi da inda za shi. Littafin da yake rubuta sunaye a ciki da wayar da yake aika rahoto da ita suna iya sa masu bindiga su ɗauke shi ɗan leƙen asirin gwamnati, in kuma ya yi wa wani baƙo magani a tuhume shi ta ɗaya gefen. Makiyayan Azawak da na Tadres su ko lissafin kilomita biyar bai shafe su ba, tunda garinsu tafiya yake yi, shi ya sa ake jiran taron shan gishiri na Ingal a watan Satumba a yi wa mutane da dabbobi rigakafi a wuri ɗaya. Sau ɗaya a shekara bai isa jaririn da ke buƙatar allura a sati na shida da na goma da na sha huɗu ba.

Ba zan ce duk rele salihai ne ba. Akwai wanda maigari ya cusa don ɗansa ne, ko karatun kirki bai iya ba. Akwai wanda ya mayar da kansa likita, yana yi wa mutane allurar da ba a koya masa ba yana karɓar kuɗi. Akwai mai cika littafi da sunayen ƙarya daren da za a karɓi rahoto. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ba ka biya ba, da wane baki za ka tuhume shi? Majon da ya kamata ya riƙa leƙa shi duk wata ba shi da man zuwa. Ƙungiyoyi kuma kowace da littafinta da takardunta da taron horonta mai kuɗin zama, har aka koya wa mutane cewa kamfen na kwana huɗu shi ke da samu, aikin yau da kullum kuwa lada ce kawai. Mu ma na birni muna da hannu. Yaranmu suna gama makarantar koyon aikin lafiya ta Damouré Zika, a tura su daji, washegari mu ɗauki hula mu shiga ofis-ofis kamun ƙafa a dawo mana da su Yamai. Na taɓa yi wa 'yar wani aminina, kuma ban tsaya na tambayi wa zai maye gurbinta a garin da ta baro ba. Abin yana damuna har yau.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce babu kuɗi, ga yaƙi yana cinye kasafi, kuma taimakon juna al'adarmu ce. Ta al'ada na fi son in fara amsawa. Gayya yini guda ce, mai gona yana dama fura ya yi tuwo, kuma gobe in taka ta tashi zai zo maka. Ba a taɓa gayyar da mutum ɗaya zai yi wa gari duka aiki shekara shida dare da rana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018, ta ce a biya irin waɗannan ma'aikata gwargwadon nauyin aikinsu kuma a rubuta musu yarjejeniya. Habasha, wadda ba ta fi mu arziki ba lokacin da ta fara a farkon shekarun 2000, ta horar da mata fiye da 30,000 na shekara guda, ta sa biyu a kowace ƙaramar gunduma, ta saka su cikin masu albashin gwamnati. Laberiya, bayan annobar Ebola, ta kafa nata tsarin a 2016 don garuruwan da suka wuce kilomita biyar daga asibiti, tana biyan kowane ma'aikaci dala 70 ta Amurka a wata.

Batun kuɗi kuma a yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. A ƙaddara mutum 20,000 za a biya wannan adadi kowane wata, abin zai kama sefa miliyar 10 da 'yan kai a shekara. Kasafin ƙasa yana wajen miliyar 3,000. Ke nan kusan sulusin kashi ɗaya cikin ɗari ake magana. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari, mu kuwa yau ba mu kai gare shi ba. Rage kuɗin asibiti da rabi da aka yi daga watan Satumban 2024, da mayar da haihuwa kyauta, mataki ne da na yaba, na kuma ga amfaninsa a kan maƙwabtana a nan unguwa. Sai dai rangwamen yana jiran wanda ya iso ƙofar asibiti ne, matar da ke bayan gulbi ba ta kai gare shi ba tukuna.

Kuma lokaci ya ƙure wa dogaro da na waje. Mun ga yadda magunguna suka maƙale a hanyar Kwatano bayan rufe iyaka a 2023. Mun ga yadda Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 ta rushe hukumarta ta USAID, alhali shirinta na yaƙi da masassara yana cikin manyan masu sayen gidan sauro da ma'aunin gwaji da magani a ƙasar nan. Yanzu da ake ta maganar 'yancin kai da dogaro da kai a kowane taro, ni a wurina ma'auninsa mai sauƙi ne: sunan rele ya shiga kasafin ƙasa da na ƙananan hukumomi, kuɗinsa ya riƙa shiga wayarsa ranar da aka sani, akwatinsa ya zama na farko da za a cika kafin damina, majo ya sami man zuwa duba shi, wanda ya yi shekaru yana aiki da gaskiya kuma a buɗe masa ƙofar ƙaro karatu ya zama cikakken ma'aikaci. A Mirya, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA sun nuna iyaye mata da ba su yi boko ba suna iya auna damtsen 'ya'yansu daidai da ma'aikaci in an koya musu. Basira tana nan a ƙauye. Fatana kada a mayar da wannan hujjar ƙara jibga wa talaka wani aikin kyauta.

Ɗan yayata ya yi wata uku yana kwana a zaurenmu. Wata ranar Juma'a na biya tasha in kai masa saƙo, na tarar da shi tsugune gaban wata mata mai bara da goyo. Ashe igiyar awon tana aljihunsa duk tsawon lokacin nan. Ya zagaya ta a damtsen yarinyar, ta tsaya a ja. Ya danna babban yatsa a bayan ƙafarta ya ga ko wurin zai lotsa, sannan ya bar buhunan da yake saukewa, ya tare tasi ya raka su gidan likita, ya biya daga kuɗin dakonsa na ranar.

Da aka yi ruwan farko a watan Yuni ya ɗaure kayansa. Na raka shi mota, na ce, "To ɗana, za ka buɗe akwatin?"

Ya ce, "Kawu, in ban buɗe ba wa zai buɗe? Majo ya bugo, ya ce akwai horon rabon maganin damina sati mai zuwa, kuma wai za a biya mu na baya." Ya ɗan yi shiru, sannan ya roƙe ni in ranta masa jika goma sha biyar ya ɗauki 'yan ƙwadago biyu su yi masa noman farko, don kwanakin rabon za su faɗo daidai lokacin da ciyawa ke tashi. Na ba shi, mota ta cika, suka kama hanyar Doso.